Yadda ake sauraron littafin tarihin rayuwa a salula har a kai ƙarshensa

Ni tela ne a Tawa. Mai wannan sana'a hannunsa da idonsa da ƙafarsa duk suna kan keke, kunne kaɗai ke zaman banza, shi ya sa ba ka shiga shagon tela ka tarar da shi shiru. Da can kaset ɗin malamai nake sawa, daga baya na koma rediyo, yanzu kuma littattafan tarihin rayuwar mutane nake saurare, waɗanda wani ya karanta aka ɗauki muryarsa. Na fara da yawa na watsar kafin in gane inda nake kuskure. Galibi ba littafin ne da laifi ba, shirin da na yi masa ne bai yi ba.

Kayan da za ka tanada

Salula. Android kowace iri ta isa, ko da tsohuwa ce mai fasasshen gilashi. In ƙarama ce mai madanni, ko ƴar rediyon nan mai cin kart memwar, ita ma za ta yi, amma da wata dabara da zan faɗa a gaba.

Kart memwar, ko wuri a cikin wayar. Ga lissafin: murya mai matsakaicin kyau, wadda ake rubuta wa 64 kbps, tana cin kusan mega 29 a awa ɗaya. Littafi mai shafi 300 yakan ɗauki kamar awa 10 ana karanta shi, ke nan mega 290. Kart mai jiga 8 zai ɗauki irin wannan littafin fiye da 20. Saboda haka kada ka biye wa mai cewa sai ka sayi babba. Ka ma yi hattara da kart mai araha da aka rubuta wa jiga 64 ko 128. Akwai na jabu da ke nuna yana da wuri alhali ƙarami ne, sai ka kai babi na goma ka tarar ya ƙi buɗuwa. Na taɓa sayen irinsa a hannun wani mai tebur. Kafin ka amince da kart, ka cika shi da kaya ka buɗe abin da ka sa na ƙarshe ka ji.

Abin kunne. Ni mai igiya nake so, don ba ya neman caji, kuma ranar da wuta ta ɗauke ba ka da abu biyu da za ka yi wa fargaba.

Manhajar da aka yi don littafi, ba ta waƙa ba. Smart AudioBook Player da Voice su ne na fi sani, kuma VLC ma yana taɓukawa.

Ƙaramin littafin rubutu da biro. Wannan shi ne kayan da kowa ke rainawa, kuma shi ne ya fi sauran amfani.

1. Zaɓi littafin farko da wayo

Kada ka fara da wanda ya fi suna. Ka fara da gajere, awa 4 zuwa 8, na mutumin da ka riga ka san wani abu a kansa ko a kan zamaninsa. Tarihin da Nelson Mandela ya bayar na rayuwarsa, wanda ya fito a 1994, cikakken karatunsa na Ingilishi ya haura awa 27. Littafi ne mai kyau, amma wanda bai saba ba zai gaji tun Mandela bai bar ƙauye ba. Na Frederick Douglass kuwa, bawan da ya tsere a Amurka ya buga labarinsa a 1845, kusan awa 4 ne kawai, kuma kyauta ake samun sa.

Ka duba abu biyu kafin ka sauke. Na farko, cikakke ne ko taƙaitacce? A Faransanci za ka ga an rubuta texte intégral ga cikakke, abrégé ga wanda aka yanke. Shi kansa littafin Mandela akwai taƙaitaccensa na kusan awa 6. Ba haramun ba ne ka saurari taƙaitacce, amma ka san cewa wani ne ya zaɓar maka abin da za ka ji, kuma ƙuruciyar mutum, inda halinsa ya samo asali, ita aka fi yankewa.

Na biyu, wa ya karanta? Ka saurari minti biyar na gwaji. Muryar da za ka yini da ita kwana goma, in ta ƙi ka tun farko, ba za ta gyaru ba. In mai littafin ne ya karanta da kansa, kamar yadda Barack Obama da Trevor Noah, ɗan barkwancin nan na Afirka ta Kudu, suka yi, to ka samu, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Za ka ji inda muryarsa ta yi rawa da ya zo kan maganar mahaifiyarsa, abin da takarda ba ta iya nunawa.

2. Inda ake samowa

Na Hausa, gaskiya, mafi yawan abin da muke da shi karatun malamai ne. Sirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin ta littafin Ar-Rahiƙul Makhtum, da tarihin sahabbai, da na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa, duk malamai sun karantar an ɗauka, kuma masu tura karatu a kasuwa suna da su. Wannan ma littafin sauraro ne, sai dai yana tafe da sharhi, don haka ya fi tsawo nesa. In ka je wurin mai turi kada ka ce masa kawai "sa mini sira". Ka ce: "Malam, darasi nawa ne duka? Daga na ɗaya nake so, a jere." Ka tsaya ka ƙirga a gabansa. Sau biyu ina komawa gida da karatun da ya fara daga darasi na 14.

Na Faransanci da Ingilishi, akwai LibriVox, wanda aka kafa a 2005. Ƴan sa-kai ne ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kowa ya sauke kyauta. Akwai kuma Litteratureaudio da Audiocité na Faransanci zalla. Tun da ƴan sa-kai ne, wani mai karatun gwani ne, wani kuma kamar yana karanta takardar kotu, wani littafin ma kowane babi da muryarsa. Ka gwada kafin ka kashe forfe.

Sababbin littattafai kuwa na kuɗi ne. Audible, na kamfanin Amazon, shi ya fi yawan kaya, amma yana neman katin banki, kuma abin da ka sauke a can a kulle yake, cikin manhajarsu kaɗai yake buɗuwa, ba ka iya tura shi a kart ka sa a rediyo. Mai ɗan'uwa a waje yana iya roƙonsa ya taimaka. Za ka kuma ci karo da sababbin littattafai da aka zuba a YouTube ko Telegram ba da izinin masu su ba. Ni dai ban cika son su ba. Ban da maganar haƙƙin mutane, sau da yawa ana goge su kana tsakiya, ko ka tarar babin ƙarshe babu.

3. Saukewa

Ka sauke littafin gaba ɗaya ya zauna a wayarka. Kada ka dogara da sauraro kai-tsaye, don rezo ba abokin tafiya ba ne, musamman in ka bar gari. Ka yi saukewar da dare, ko inda ka sami wifi. In an ba ka zaɓi tsakanin 64 da 128 kbps, ɗauki 64. Magana ce ba kiɗa ba, kunnenka ba zai ji bambanci ba, aljihunka kuwa zai ji.

YouTube yana cin forfe ninki-ninki saboda hoton da ba ka bukata, kuma a yawancin wayoyi da ka kashe fuskar wayar sai muryar ta tsaya. In abokinka yana da littafin, ku tura ta Xender ko Bluetooth, ba sisin da za ka kashe.

4. Jera babi-babi

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Ka buɗe jaka ɗaya a wayar ka sa mata suna Littattafai. A cikinta kowane littafi da tasa jakar. Kada ka bar su a inda WhatsApp ke zuba kaya, su cakuɗe da saƙon murya na ƴan'uwa da waƙoƙin biki. In littafin ya zo a dunƙule cikin zip, sai ka kwance shi tukuna.

Sannan ka duba lambobin. Waya ba ta ƙirga kamar mutum. In an rubuta 1, 2, 3 har zuwa 12, wata wayar za ta jera su 1, 10, 11, 12, sannan 2. Na taɓa sauraron tarihin wani shugaba, daga haihuwarsa sai kawai na ji ana jana'izarsa, na ce ikon Allah, wannan bai daɗe ba. Maganin shi ne ka sa sifili a gaba: 01, 02, 03. In darussan sun haura 99, sifili biyu: 001. Ka kuma tabbata alamar nan mai kibiya biyu a gicciye, wadda ke tsallake-tsallake tsakanin waƙoƙi, a kashe take.

Bayan haka ka buɗe manhajar littafi ka nuna mata jakar Littattafai. Amfaninta shi ne tana tuna inda ka tsaya a kowane littafi, ko an kira ka, ko wayar ta mutu, kuma in ka dawo takan ɗan koma baya kaɗan don ka kama zaren. Manhajar waƙa ba ta yin haka, za ta mai da kai farkon babi mai minti 50.

Mai ƙaramar salula ko rediyo mai kart, ga taka dabarar. MP3 kaɗai za ka nema, don irin waɗannan na'urori ba su cika buɗe M4B, wani nau'in da littattafan sauraro kan zo a ciki, ba. Ka fi son littafin da aka yanka gajeru-gajeru, minti 10 zuwa 20. Wasu rediyoyin kuma ba ruwansu da suna ko lamba, yadda aka zuba kaya a kart haka suke bi, saboda haka ka ce wa mai turi ya zuba ɗaya bayan ɗaya a jere, kuma kart ɗin ya zama na littafin nan kaɗai. Duk inda ka tsaya ka rubuta lambar a takarda.

5. Awar farko: zauna da biro

Wannan shi ne abin da ya raba tarihi da waƙa ko tatsuniya. Tarihin mutum cike yake da sunaye da shekaru da garuruwa, kuma kunne ba ya iya waiwayawa shafin baya kamar ido. Don haka awar farko ban yarda in yi ta a kan keke ba. Nakan zauna bayan sallar isha'i, ba abin da nake yi sai sauraro da rubutu.

Shafi ɗaya na mutane ne: uwa, uba, wanda ya riƙe shi, malaminsa, abokin gabarsa. Ka rubuta sunan yadda kunnenka ya ji, ba jarrabawa ba ce. Ka lura da mutum ɗaya mai suna da yawa. Mandela sunan yankansa Rolihlahla, malamar lakwal ce ta sa masa Nelson, Madiba kuma sunan zuriyarsu ne. In ba ka rubuta ba sai ka ɗauka mutum uku ne. Mu ma ai haka muke, ga sunan yanka, ga laƙabin kaka, ga Alhaji daga baya.

Shafi na biyu na shekaru ne. Biyar ko shida sun isa su zama turaku: an haife shi 1918, an kama shi 1962, ya fito 1990, ya zama shugaban ƙasa 1994. Duk abin da ka ji daga baya sai ka ɗaure shi a turken da ya fi kusa. Ni nakan ƙara da namu a gefe, in ce wannan ya faru shekara biyu bayan Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, wancan kuma lokacin yunwar 1984. Da haka zamanin wani ke zama a kaina.

In littafin na wata ƙasa ce da ba ka sani ba, ka buɗe taswira sau ɗaya ka ga inda manyan garuruwan suke. Minti biyu ne, amma zai raka ka har ƙarshe.

6. Sauri da ƙarar murya

In Faransancinka na lakwal ya yi tsatsa, ka rage saurin zuwa 0.8 ko 0.9, babu kunya a ciki. Bayan babi uku kunnenka zai saba da mai karatun, ka mayar 1.0. Wanda ya ƙware yana iya kai wa 1.25, littafin awa 10 ya koma awa 8. Fiye da haka ni ban ga amfaninsa ba, sai dai a ce an gama.

Kalmar da ba ka sani ba kada ka tsaya mata, sai in ta dawo sau uku. Ƙara kuwa kada ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. In hayaniyar wurin ta sa sai ka ƙure ta kafin ka ji, wurin ne bai dace ba.

7. Haɗa shi da aikin da ya dace

Aikin da hannu ya haddace shi ne abokin littafi: ɗinkin miƙe, guga, wanki, tsintar shinkafa, tsaron shago da rana tsaka lokacin da kasuwa ta mutu. Aikin da ke son lissafi kuwa ba ya haɗuwa da shi. Ranar da na yanka shaddar wani bawan Allah ina sauraron yadda aka yi wani juyin mulki, sai da na biya yadi biyu daga aljihuna. Tun daga nan in zan auna ko zan yanka, sai in tsayar.

A kan babur kada ka sa komai a kunne, ko kai ke tuƙi ko ɗan kabu-kabu ne ya ɗauko ka. A shago kunne ɗaya nake sawa, don in ji sallamar mai shigowa da kiran salla.

Babu kamar doguwar tafiya. Daga Tawa zuwa Yamai, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wajen kilomita 550 ne, kusan littafi guda ke nan. Ka cika caji, ka kashe intanet, ka sa wayar a aljihu ba a jikin gilashin da rana ke duka ba. Murya kaɗai ba ta cin batir sosai in fuskar wayar a kashe take.

Mai saurare a kan shimfiɗa ya sa agogon da ke tsayar da karatun bayan minti 15 ko 20, duk manhajojin nan suna da shi. In ba haka ba ka farka da asuba ka tarar mutumin ya yi aure, ya yi mulki, ya rasu, kai kana ta barci.

8. Ba da labarin

Ka gama babi, ka ba wani labarinsa da Hausa, ko a fada wajen shayi, ko ga uwargida. In ka iya faɗin wa ya yi me, kuma don me, ka ji. In ka fara inda-inda, koma baya. Ƴan fadarmu har sukan tambaye ni, "Tela, yau ina mutuminka ya kwana?" Wannan tambayar ita ta sa na ƙarasa littattafan da da na yar.

In kuma ka kai awa biyu littafi bai kama ka ba, ajiye shi ka ɗauki wani. Ba bashi ka ci ba.

9. Kada daɗin murya ya sa ka yarda da komai

Ka taɓa jin ɗan kokawa ya ce an kayar da shi da gaskiya? Ko ƙasa ce ta yi santsi, ko alƙali ne ya yi son kai. Mai rubuta tarihin kansa ma haka yake, shi ne mai ƙara, shi ne shaida. Ba lalle ya yi ƙarya ba, amma shi ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai tsallake. Murya kuma ta fi takarda iya sace zuciya: mutum ya yi kwana goma yana magana a cikin kunnenka, sai ka ji kamar ɗan'uwanka ne, ka fara jin haushin abokan gabarsa da ba ka taɓa jin ta bakinsu ba.

Ka riƙa tambayar kanka: yaushe ya rubuta, yana kan mulki ko bayan ya sauka? Maganar da ya kawo kalma-kalma ta shekara 40 baya, ya rubuta ta a lokacin ne ko ƙago ta ya yi daga abin da ya tuna? Wa ya taya shi rubutun? Manyan mutane da yawa da marubuci suke aiki, Mandela ma ɗan jaridar Amurka Richard Stengel ne ya taya shi. Ka lura da shekarun da ya bi ta kansu a guje, sau da yawa nan ne ƙurar take.

Tarihin da wani ya rubuta a kan wani yana da tasa matsalar. A takarda yakan nuna inda ya samo kowace magana a ƙasan shafi, a murya kuwa galibi ba a karanta wannan, sai zato da tabbas su zo maka da murya ɗaya. Ka kasa kunne ga irin su "an ce" da "mai yiwuwa". In mutumin ya dame ka sosai, ka saurari biyu, nasa da na wani a kansa. Haka ma littattafan Turawan da suka ratsa ƙasashenmu, irin su Heinrich Barth da ya sauka Agadas a 1850: akwai abin ƙaruwa a ciki ƙwarai, amma idon baƙo ne.

10. In babu murya, a yi ta

Littafin da kake da shi a rubuce cikin waya, manhaja irin @Voice Aloud Reader tana iya karanta maka shi da muryar na'ura, da Faransanci ko Ingilishi. Ba daɗi kamar mutum, amma ana sabawa. Sai dai in PDF ɗin hoton shafuka ne aka ɗauka, ba za ta ga komai ba. Kada kuma ka ba muryar Faransanci rubutun Hausa, abin da zai fito sai dariya.

Na Hausa, mutum za ka nema. Ɗalibi mai karatu da kyau ya isa. Ku shiga ɗaki mai katifa da labule don kada murya ta yi amsa-kuwwa, a kashe fanka, a sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse, a ajiye ta kamar taƙi ɗaya daga bakinsa. Kowane ɗauka kada ya wuce minti 20, kuma ya fara da faɗin sunan littafi da lambar babi. Wannan na amfanin gida ne, ba na sayarwa ko watsawa ba, sai da izinin mai littafin.

Ba ma sai da littafi ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin tarihin rayuwa da muke da su da Hausa na Dorugu ne, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Ingila, kuma da baki ya ba da shi, wani Bature mai suna Schön ya rubuta. A nan Adar kusan kowane gida akwai dattijon da ya yi ci-rani, ya ga abin da ya isa littafi. Na nemi izinin kawuna, na ce, "Kawu, so nake jikoki su ji da bakinka." Ya ce shi me ya sani, sannan ya yi awa ɗaya da rabi bai sha ruwa ba. In za ka yi irin wannan, tambaya ɗaya za ka yi ka kama bakinka, kuma kada ka gyara masa shekara yana cikin magana, ka bari sai ya gama. Kowane zama ka sa masa lamba da kwanan wata, ka ajiye a wuri biyu, waya da kart.

Namu yanzu yana kan 007. Ya tsaya daidai inda mota ta sauke shi a Abijan da dare, ba ya jin yaren kowa, kuɗinsa ɗaure a cikin ɗan kamfai. Ya ce sauran sai an gama girbin gero.